Matar da Ba a Taɓa Jin Muryarta Ba

Ranar sadakar ukun Goggo Hajaratu, cikin kakar 1957, Malam Nata'ala limamin unguwarsu a Mairuwa ya gyara rawani ya yi mata irin shaidar da ake yi wa kowace mace in ta kwanta dama: mai haƙuri ce, mai kunya, kuma shi dai tunda yake bai taɓa jin muryarta a waje ba. Zaure ya amsa, haka ne, wallahi haka ne. Maharazu ɗan ƙaninta, mai sharhin majigi, ya sunkuya yana tsinkar bakin tabarma. Shi da Gide direba kaɗai suka sani, ko kuma haka yake zato, cewa daga Ƙanƙara har Sabuwa ba macen da aka ji muryarta kamar marigayiyar, kuma ta lasifika.

Goggo mai fura ce. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'ya ba su tsaya mata ba, sai ta riƙe Maharazu. Abin da Allah ya ba ta kunne ne da maƙogwaro. In ta ji mutum sau ɗaya, shi ke nan ta saye shi: Bafilatana mai nono, Buzu mai kanwa, duba-gari in ya leƙa randa yana yatsina, duk suna cikin bakinta.

Maharazu kuwa ya yi elementare, ya sami aiki a motar majigi. Hotunan ba su jin Hausa, don haka shi ke zama cikin mota da makirfo yana gaya wa jama'a abin da idonsu ke gani. Akwai wani na zane mai motsi, wata macen ƙuda da mijinta, suna tashi daga salga su sauka kan tuwo. Maharazu yakan karanta shi kamar sanarwar jangali: "Jama'a, ƙuda mugu ne. A rufe abinci." Lokacin ne mutane kan tashi sayen rake.

Wata ranar Asabar a Faskari mura ta shaƙe shi, ya buɗe baki sai iska. Goggo tana bayan motar, an rage mata hanya daga gidan suna. Ta ga ƙuda na ta motsa baki a farin ƙyalle ba mai yi mata magana, ta ce wannan ai wulaƙanci ne, ta fizge makirfo, ta matse murya ta hanci:

"Kai maigida, tashi, an bar akushi buɗe! A'a, kar ka wanke ƙafa, ai miyar ba ta ji daddawa ba."

Ta sauke murya can ƙasa, irin ta ragon namiji da aka tasa daga barcin rana: "To uwargida, ɗanɗana mani tukuna."

Mai rake bai yi ciniki ba ranar. Kafin mako ya zagayo an raɗa wa ƙudar suna Ta-Salga, faifai ya yi tsada a kasuwa don kowa na rufe ƙwarya, abin da duba-gari ya shekara goma yana faɗa ba a ji ba.

Tunda ba a san mace da makirfo ba, aka sa wa motar labule, Goggo ta zama mai dafa wa ma'aikata abinci. Shekara uku tana wannan girki, ba wanda ya taɓa ganin hayaƙinsa. Yabo kuwa Maharazu ya ɗauki nauyinsa, bawan Allah, bai taɓa cewa ya yi masa yawa ba. Kaji, goro, har rigar saƙi daga wani dagaci. Auren da ya yi a Sabuwa ma Ta-Salga ce ta yi masa zance. Ita Goggo abin da ta nema garin taba ne da wurin miƙe ƙafa. In ya shigo da rigar sai ta russuna ta ce, "Ranka ya daɗe, mai murya biyu."

Yanzu ga shi zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ɗaya muryar, kuma ran Alhamis motar za ta Tafoki, dagaci har ya aiko a tabbata an zo da Ta-Salga. In asiri ya tonu, sunan Maharazu ya bi ruwa, rigar nan kuma ta koma ta aro.

Ya zaga bayan rumbu ya toshe hanci ya gwada. Akuya ta tsinke igiya. Gide ya saurara da kyau, ya ce, "Malam, wanga ba ƙuda ba ne, ƙyauren langa-langa ne."

Da la'asar ya shiga cikin gida gaida mata masu zaman makoki, sai ya iske su suna dariya da hawaye, wata na kwaikwayon "kar ka wanke ƙafa". Suwaibatu, aminiyar Goggo tun suna 'yan mata, ta dube shi sama da ƙasa.

"Mai murya biyu, ya haƙuri? Mi za ka yi ran Alhamis?"

Maharazu ya ce, "Inna, ashe kun sani?"

"Ji shi! Da muryar nan take taya nono tun ba a yi maka kaciya ba. Matan garin ga duk sun sani, har na Ƙanƙara. Ku ne dai, in mace ta buɗe baki sai kunnenku ya tahi kiwo."

A Tafoki, bayan magariba, fili ya cika. Gide ya tada inji, ƙuda ta bayyana a ƙyalle tana murza hannu. Maharazu ya toshe hanci ya ce, "Kai maigida." Can wani dattijo ya ɗaga murya: "Malam, mura ce?"

Ga ƙofa an buɗe masa. In ya ce mura ce, a yi masa sannu, ya kwana da sunansa. To amma gobe akwai Sabuwa, jibi Ƙanƙara, kuma ba a taɓa yin murar da ta shekara ba. Ga kuma gefen mata, ya hango su ta labule sun zuba tagumi suna jiran su ji irin ƙaryar da zai zaɓa. Ya saki hancinsa.

"Jama'a, ba mura ba ce. Ta-Salga da mijinta duk Goggona ce, Hajaratu mai fura ta Mairuwa. Allah ya yi mata rasuwa. Ni rigar kawai na sa. A yi mata addu'a."

Salati ya tashi. Kafin a shafa fatiha an sami maza wajen goma sha da suka ce su dama sun faɗa tun tuni. Hoton ya ci gaba ba murya. Da ƙudajen suka iso bakin akushi, sai gefen mata ya ɗauka baki ɗaya, ta hanci: "Kar ka wanke ƙafa!" Aka yi dariya, dariyar ta gajarce, wasu suka ja bakin zane suna goge ido.

Ranar sadakar bakwai aka tuna wa Malam Nata'ala shaidarsa, shi da ba a taɓa yin majigi ba ya sahun gaba ba. Ya ce to, Allah ya gafarta mata, shi dai ta ɗauke masa hankali ne da dariya bai lura ba.

Ba a kori Maharazu ba. Rigar dai ya ninke ta ya sa a adaka. Ya koma karanta "A rufe abinci" da muryar da Allah ya ba shi, kuma mai rake, ko a ina suka haɗu, shi ke fara gaida Maharazu.