Akwatin da ya sauka a saman benenmu

Na hau saman bene kwashe shanya, a gidanmu na unguwar Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki, sai na tarar da wani farin akwati kamar na sabulu, da doguwar igiya da yagaggiyar roba a jikinsa. Na ji tsoro kada hukuma ta biyo sawunsa har gidanmu. Ni ina da igama, wato katin izinin zama, amma Baba ba shi da ita. Tun da ya zo aikin Hajji ina goye bai koma ba, kuma duk ranar da askarawa suka shigo gidan nan, tarhil ne, gidan tsare waɗanda za a kora, sai jirgin Kano.

Na sauko da shi a cikin zani. Baba na gani ya yi dariya har da tari.

"Ke, wannan ai na awon iska ne! Da ina saurayi ni nake hura wa Turawa balan-balan a filin jirgin Kano. Mu ɗaura masa irin wannan mu sake shi, ya yi sama har ya wuce gajimare, suna rubuta abin da ya faɗa musu."

"To a zuba shi a shara."

"Haram! Amana ce. Wanda ya tsinta mayarwa yake yi." Ya jawo takalminsa.

Wallahi raina ya ɓaci. Tsohon da ko masallaci sai ta lungu yake zuwa, yau shi zai kai kansa? Na tare ƙofa.

"Baba, so kake ka kashe ni? Zauna, ni zan kai."

A ofishin 'yan sanda wani askari ya jujjuya akwatin, ya karɓi igamata ya daɗe yana dubawa.

"Ke da wa kuke zaune a gidan?"

Na ce ni kaɗai ce. Ya ƙara kallona, sannan ya miƙo min katin ya ce in tafi.

Na tarar da Baba a bakin ƙofa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula.

"Sun karɓa? Kin gaya musu mahaifinki ne ya gane shi? Cewa na taɓa yin aikin?"

"A'a, Baba. Ce musu na yi ba ni da kowa."

Ya ce, "Kin yi daidai," ya shige ɗaki ya rufo ƙofa.