Turken Tunkiyar Inna

Da hannuna na haɗa kwamfutar nan a ɗakina a Sabon Birni, da kayan da yayana ya riƙa aiko mini daga Sakkwato ɗaya bayan ɗaya. A cikinta na ajiye muryar wata tsohuwa 'yar Kamarawa, waƙoƙin daka da na ɗauka domin aikina na kammala karatu. Tsohuwar ta rasu da kaka, kuma ban da kwafi a ko'ina.

Wata Laraba da hantsi na tayar da janareta don in kwashe waƙoƙin. Ina kai filashi, ɗan abin ajiyar da zan kwafe su a ciki, bakin raminsa sai wuta ta tsunkule ni a yatsa, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ta tashi da kanta, ta sake mutuwa. Sau uku ana haka.

Na kashe komai, na buɗe akwatin kwamfutar. Na duba madabod, babban allon da sauran kayan ke manne a jikinsa, ko wani noti ya faɗa ƙarƙashinsa yana haɗa shi da ƙarfe. Na taɓa 'yan ƙafafun tagullan da yake zaune a kai, kowace na wurinta. Na kira yayana.

"Kada ki sake kunna ta," in ji shi. "Wuta ce ta rasa hanyar shiga ƙasa, tana yawo a jikin akwatin. In ta ƙone faifan ajiya, muryar tsohuwarki ta tafi. Ina sandar da na kafa bayan ɗaki?"

Na tuna da ita. Sandar ƙarfe ce da ya buga a ƙasa, ya zuba mata gawayi da gishiri, ya ɗaura mata koriyar waya. Na bi wayar ta taga har bayan ɗaki. Can na same ta a naɗe tsaf, rataye a kan danga. A jikin sandar kuwa igiya ce, a ƙarshen igiyar tunkiyar Inna tana tuƙa.

"Inna, wa ya kwance wayar nan?"

Mahaifiyata ta ɗago daga tankaɗe. "Ni ce. Tunkiyar ta ƙi zama ko'ina sai nan, kullum tana lasar ƙasar wurin. Na ce tunda ga turke, mi za ni nema? Wayar kuwa harɗe mata ƙafa take yi."

"Ba turke ba ne, Inna."

"To mi ne ne? Ƙarfe a ƙasa, ɗiyata, ai ko a Gobir ta da sunansa turke."

Ban iya dariya ba. Na mayar da tunkiyar gindin dalbejiya, na kankare tsatsa da wuƙa, na ɗaure wayar tamau. Inna ta kawo gishirin miyarta da tulun ruwa, tana mita, muka jiƙa wurin.

Na koma ɗaki na yi bisimilla, na tayar da janareta, na kunna kwamfutar. Na fara taɓa akwatin da bayan hannu, ban ji komai ba. Na soka filashi. Layin kwafi ya soma tafiya a hankali, ni kuwa ina ƙirga numfashina, ina sauraren ko janareta zai sarƙe.

Da ya cika na buɗe waƙar farko. Tsohuwar ta yi tari, taɓarya ta sauka, ta ɗauko baiti. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da rariya a hannu, har waƙar ta kai ƙarshe ba ta motsa ba.