Zanen da na ɗauka hatimi ne

Shekarar da uwar 'ya'yana ta kwanta ciwo muna ƙauyenmu gab da garin Suki. Ƙafafunta sun kumbura, an sha magani har an gaji, ni kuwa zuciyata ta riga ta raya mini hannun mutum ne.

Wata safiya ina kakkaɓe mata shimfiɗa, na ciro littafin rubutu daga ƙarƙashin katifa. Shafi bayan shafi zane ne: 'yan ɗakuna masu kusurwa shida manne da juna kamar saƙar zuma, da layuka masu hawa da sauka kamar haƙoran zarto, ga haruffan boko jefi-jefi. Karatuna allo ne da aji huɗu. Ban taɓa ganin abu mai kama da wannan ba sai hatimi.

Babbar ɗiyata ta dawo daga kogi ta tarar da ni riƙe da shi. Nata ne. Saura wata guda ta zauna jarrabawar shahada ta kammala sakandare, burinta ta karanci haɗa magunguna. Ta ce darasin sinadarai ne, littafi ɗaya gare su a makaranta, yana hannun malami, shekara biyu tana kwafa daga allo. Ta ce ɗakin uwarta kaɗai ne ba ya yoyo, shi ya sa ta ajiye shi can. Ta durƙusa ta ɗora yatsa kan zanen, tana nuna mini kowace kusurwa ƙwayar kabon ce, ba a rubuta ta, mai karatu ke ƙirgawa da ka.

Wannan maganar ce ta ƙarasa tunzura ni. Na ce rubutun da ake ɓoye rabinsa ba na alheri ba ne.

"Baba, ka kai wa malaminmu ya duba. Gobe kawai."

Ban jira gobe ba. Na cusa shi cikin murhu, ƙarƙashin tukunyar kunu. Ba ta yi kuka ba, sai ta tsaya tana kallo har wuta ta cinye shi.

Ta faɗi a wannan darasin. Uwarta ta rasu da kaka, likita a birnin Sinnar ya ce ƙoda ce tun farko. Ɗiyata ta ɗauki renon ƙannenta, ba ta sake zama jarrabawa ba.

Bara aka ɗora ni kan maganin hawan jini. Na warware takardar da ke cikin kwalin, sai ga zanen, da ɗakunansa shida-shida. Ɗiyar tawa ke kawo mini abinci yanzu, furfura ta fara fito mata. Na miƙa mata. Yatsanta ya bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ba ta manta ba.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun ranar. Ran kasuwa na sayo mata sabon littafi da fensir. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta juya shi.

"Baba, me zan rubuta a ciki yanzu?"

Yana nan bisa akwatinta. Na taɓa buɗawa, fari ne fat.