Dattijo Mai Fatsa

A bencin tasha wata malamar jinya tana jiran mota, amma hankalinta yana kan dattijon da ke gefenta. Farcensa duk siminti, tabarau ɗaure da zare, ya riƙe waya hannu bibbiyu kamar kofin shayi mai zafi.

"Haba ɗana, me na yi maka?" yake cewa.

Ta leƙa. Ashe wasan intanet ne. Ɗan mutum-mutuminsa na zaune bakin kogi da fatsa, wani mai takobi na zagaya shi.

"Baba, lafiya?"

"Ina fa lafiya, 'yata! Da, mu masu kamun kifi da korar dodanni filinmu daban, masu saran juna nasu daban. Yanzu an haɗe mu. Wannan ba dodo ba ne, ɗan wani ne."

Ta shiga tunani. Wa ya koya masa? Jika ne da ya yi nisa, ko gida ne ya yi masa shiru?

Babban yatsan dattijon ya zame a kan wayar, ɗan mutum-mutuminsa ya kai duka. Mai takobi ya faɗi warwas.

Dattijon ya yi salati, ya miƙo mata wayar.

"Duba mini, ina ake dannawa a ba shi haƙuri?"