Kakana da Bijimin Kasuwar Kankiya

Duk sa'ad da na ji warin man zafi, kakana nake tunawa. Da shi yake murza gwiwoyinsa idan sanyi ya shigo, ina riƙe masa kwalbar, yana tsokanata da amarya kamar yadda kaka ke yi wa jika.

Aikin soja ne ya fitar da shi daga Kusada yana saurayi. Da yaƙi ya ƙare bai dawo ba, ya bi jirgin ruwa zuwa Ingila. Ya ce a can ya yi shekaru yana buga ƙwallon zari-ruga, har aka je da shi Faransa. Wai ƙwallon kamar ƙwai yake, a hannu ake ɗaukarsa, kuma baya ake miƙa shi. A nan dattawan ƙofar gida suke fashewa da dariya. "Mi ya kai mai zuwa gaba jifa baya?" A bayan idonsa maƙaryaci suke ce masa. Abin yana ci mini rai, don ni ma ban gama yarda ba.

Wata ranar kasuwar Kankiya, bayan girbi, ya tafi da ni. Mahauta na jan wani ɗan bijimi da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya, yadda suka saba. Ta ƙafar ta tsinke, mai ta wuyan ya saki. Kowa ya watse, ni kaɗai na daskare a tsakiyar hanya da rake a hannu, bijimin ya yo kaina.

Mu a wurinmu, ƙaho ake kamawa. Kakana ko kallon ƙahon bai yi ba. Ya zo ta gefe a guje, ya duƙa, ya doka kafaɗarsa a ƙafafun gaba, ya rungume su gam, irin kamun 'yan zari-ruga. Na ji ƙasa ta girgiza. Bijimi a ƙasa, tsoho a ƙasa. Ban taɓa ganin abin da ya cika ni da mamaki haka ba.

Ya ɗago da ƙyar ya ce, "Amarya, kar ki yar da rakenki."

Kafaɗar ta karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai sake ɗaga fartanya ba. Daga ranar, dattawan da kansu suke matsa masa wuri a tabarma, su ce ya ƙara ba su labarin Faransa.

Yanzu jikokina a waya suke kallon wasan zari-ruga, ƙarti suna karo da juna. Ba mu da hoton kakana ko ɗaya. Kwanan baya ƙaramarsu ta tambaye ni ko da gaske ne ya buga. Na ce mata, "Da ƙarya ne, da ba a haifi ko ɗayanku ba."