Angelina Kumai da 'Yan Rakiyarta

Tun muna sakandare a Kafanchan na san Angelina Kumai, kuma a duk zamanmu na makaranta ban taɓa jin ta roƙi wani abu da bakinta ba. Ko biro ne ya ƙare mata a aji, sai dai ta yi ta kallon nawa har in gaji in miƙa mata. Ba girman kai ba ne. A gidansu haka aka saba: yaro ba ya neman abu a wurin manya da kansa, nema masa ake yi.

'Yar manoman citta ce, daga wani ƙauye a kan hanyar Kachia. Duk wanda ya taɓa ganin haƙar citta ya san abin da take yi wa bayan mace. A wuni a sunkuye ana tonowa, a dawo gida a sake sunkuyawa ana tsagawa da wuƙa ana shanyawa. Angelina tana ƙarama ita ce mai taka bayan kakarta. Tsohuwar ta kwanta rub da ciki a tabarma, yarinyar ta dafa bango ta yi ta kai da kawowa a kai. Da ta yi nauyi aka hana ta takawa, sai ta koma dannawa da hannu. Kafin ta shiga aji uku, matan unguwarsu sun fi ta sanin ranar da za a ba mu hutu.

Ta yi makarantar nas, ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti bayan kasuwa. Wata rana ina jiran ta a bencin marasa lafiya na ƙirga matan da ke zaune. Su goma ne, bakwai suna riƙe da ƙugu. Na gaya mata, ta ce ai yau da sauƙi. A ba su ƙwaya, su tafi, lokacin haƙar citta ya zagayo su dawo da ƙugun nan dai. Abin yana cin ta, amma ko likitan asibitin ba ta taɓa faɗa wa ba.

Ni kuwa shagon kwamfuta gare ni kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da ɗan ɗaki a baya inda masu jarrabawa ta intanet suke zama. A nan Angelina ta ci karo da wata makaranta a Ingila da ke koyar da likitancin ƙashi da gaɓoɓi da jijiyoyi, irin wanda hannu ne babban kayan aikinsa. Suna kiran sa ostiyofati. Mutanen gidansu da suka ji bayani sai suka ce, ashe ɗorin Turawa ne, kuma sunan da ya bi shi ke nan. Makarantar tana da tallafi ga ma'aikacin lafiya daga ƙasashenmu, gurbi ɗaya tak a shekara. Ta nuna mini shafin, ta tsaya tana kallo na, irin kallon biron nan. Na ce ta jawo kujera, yau za mu fara.

Takardun makaranta da na shaidar aiki ba su ba mu wuya ba. Inda muka sha fama shi ne wurin da aka ce mai nema ya rubuta bayanin kansa. Ta kawo mini shafi biyu cike, na karanta, na ƙirga inda ta ambaci kanta: wuri biyu, ɗaya ma sunanta ne a sama. Sauran duk kakarta ce, da mahaifiyarta, da faston da ya yi mata baftisma. Na ce mata in kakarta ake so a ɗauka, to mun gama. Sai da muka sake rubutawa har na daina jin tausayin takardar da muke ɓatawa.

Amsa ta zo cewa za a yi mata intabiyu ta bidiyo. Sharaɗin a fili yake: ta kasance ita kaɗai a ɗaki, ta juya kyamara su ga ko'ina, in aka ga wani tare da ita za a tsayar da ganawar, kuma ba a sake ba da wata rana. Na karanta mata, na sake karanta mata da Hausa. Ta ce ta ji, amma sai an gaya wa Baba.

Baba Silvanus yayan mahaifinta ne, shi ne babba tun da mahaifin nata ya rasu. Tsohon ma'aikacin reluwe, dattijo a ikilisiya, kuma shi ke magana a madadin gidan Kumai a duk inda ake neman wani abu. Aure ne, gona ce, sulhu ne, shi ake sa wa gaba. 'Ya'yan 'yan'uwansa goma sha ɗaya ya nema wa mata, kuma yana son a san ba a taɓa mayar da shi hannu wofi ba. Da ya ji labari ya ce abin kunya ne 'yar gidansu ta tsaya gaban manyan mutane tana neman alfarma ba kowa a bayanta. Za su ɗauka ba ta da dangi. Angelina ta ce, to Baba.

Na je har gida na yi masa bayanin sharaɗin. Ya saurare ni da kyau, ya tambayi lafiyar mahaifina, sannan ya ce:

"Maijidda, ɗiyar Alhaji Sambo. Ke da za a aurar da ke, da bakinki kika yi magana?"

Na ce a'a, Baba, amma wannan ba aure ba ne.

"Ya fi aure. Aure a Kagoro ne ko Zonkwa, ana zuwa gaisuwa. Wannan ƙetaren teku za su kai ta."

Da ƙyar muka rabu a kan zai zo, amma zai zauna a gaban shago. Ya ce za mu gani. Ni na ɗauki wannan a matsayin yarda, don a lokacin hankalina yana kan wata matsalar. Angelina ba ta iya kallon babba a ido. Ina yi mata tambayoyin gwaji, tana ba tabarma amsa. Na manna jan tef kusa da idon kyamara na ce ta ɗauka tef ɗin take yi wa magana, ba mutum ba. Ta ce tef ɗin ma kallon ta yake yi.

Ranar ganawar da hantsi wata bas ta tsaya a ƙofar shagona. Na ƙirga masu saukowa, sha bakwai. Matan zumunta ne na ikilisiyarsu cikin zanensu iri ɗaya, har da tulun kiɗa, da shugabarsu Mama Lucy. Baba Silvanus ya sauko ƙarshe cikin tsohon kwat ɗinsa na reluwe, an goge shi har yana sheƙi. Aka sauke kwano babba na busasshiyar citta da galan na zuma, gaisuwar manya. Kujeruna tara ne, na aro benci a wurin mai shayi. Na roƙi Mama Lucy kada a yi waƙa. Ta ce addu'a fa? Na ce a yi ta a zuci. Ta ce Ubangiji yana ji ko ta yaya, amma ta fi sabawa da mai ƙarfi.

Na shigar da Angelina ɗakin baya, na duba intanet, na duba batir, na fito na tsaya a bakin ƙofa. Muna jin lokacin da muryoyin Turawa suka fara gaisuwa. Nan take Baba Silvanus ya miƙe, ya gyara kwat, ya ɗauki kwanon citta, ya nufo ni. Na ce Baba, ka tuna maganarmu. Ya ce ya tuna, gaisuwa kawai zai yi. Wace ce ni da zan tare dattijo da jikina? Na matsa. Iyakar abin da na iya shi ne na hana matan bin sa, na leƙa ta ƙofa daga inda kyamara ba ta kai.

Mutum uku ne a allon: wata mata matashiya a tsakiya, wata a gefe da tabarau, da wani mai furfura. Baba ya tsaya a bayan Angelina, don haka da farko maɓallan kwat ɗinsa kawai suka gani. Sai ya sunkuyo, ya cire hula, ya fara da Turancinsa na reluwe. Ya gaishe su, ya tambayi iyalansu da sanyin ƙasarsu. Ya faɗi sunansa da shekarun da ya yi wa gwamnati aiki. Ya ce yarinyar nan mai ladabi ce, ba a taɓa kawo ƙararta ba, tana cikin mawaƙan coci. Ya ɗaga kwanon citta har ya rufe fuskar Angelina, ya tambayi ta wace mota za a aika musu.

Matashiyar ta tsakiya, wadda ita ce shugabar kwamitin, ta katse shi cikin ladabi. Ta ce sun gode, amma dole mai nema ta kasance ita kaɗai, in ba haka ba za su rufe yanzu. Baba bai ko kalle ta ba. Mai furfurar yake yi wa magana tun farko, don a ganinsa shi ne babba. Ya juya ya ce wa Angelina da Hausa ta bari yarinyar can ta gama surutunta, shi da babbansu zai yi magana. Matar ta sake maimaitawa, wannan karon ba murmushi, hannunta ya matsa kusa da madannai.

Sai Angelina ta ɓace daga allo. Ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban Baba, kamar yadda take yi duk lokacin da za ta yi masa magana. Turawan nan ba abin da suke gani sai kujera da rabin kwat. Muna jin matar tana kiran sunanta, tana tambaya ko lafiya.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Angelina. "Ka kawo ni, sun gan ka, sun san ina da mutane. In ba ka fita yanzu ba za su rufe, kuma ba za su sake kira na ba."

"Kora na kike yi?"

"Roƙo nake yi, Baba. Ina son karatun nan. Ka fita."

Ya dube ta, ya dubi allon, ya dube ni a bakin ƙofa kamar ni na koya mata. Ya mayar da hularsa, ya rungumi kwanonsa, ya wuce ni ya fita. Na ja ƙofa na rufe.

A waje ya ƙi kujerar da na miƙa masa. Ya zauna a ƙarshen benci ya ba mu baya, kwanon a cinya. Matan suna ta motsa leɓe. Can Mama Lucy ta matsa kusa da shi ta ce, "Dattijo, an ba ka matar ko an hana?" Mata biyu suka toshe baki da zane. Shi dai bai juyo ba.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Angelina na ji. Ta ce da ta koma kujera sun tambaye ta ina ta shiga, ta gaya musu gaskiya, cewa a wurinsu ba a yi wa babba magana a zaune a kan kujera yana tsaye. Suka sa ta juya kyamara kusurwa-kusurwa. Suka kashe sautinsu suka yi shawara, tana ganin bakinsu na motsi. Sannan shugabar ta ce za su rubuta abin da ya faru, amma za a ci gaba. Na tambaye ta ko ta kalli jan tef ɗin. Ta ce ta manta da shi. Wadda ta ce wa Baba Silvanus ya fita, in ji ta, me Turawa uku za su yi mata? Ta ba su labarin matan citta da ƙugunsu, ta faɗi abin da hannunta ya iya da abin da bai iya ba. Tambaya ɗaya a kan bincike ta kayar da ita, ta ce musu ba ta sani ba. Wannan ta hana ni sukuni fiye da ita.

Makonnin jira sun yi mata tsawo ta fuska biyu. Makaranta shiru, Baba ma shiru. Duk Lahadi bayan sujada sai ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce lafiya, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Labari kuwa ya zaga ikilisiya, har yara suna kwaikwayon yadda ya ɗaga kwano.

Da amsa ta zo cewa an ba ta gurbin, na ce mu kira Mama Lucy ta je ta gaya masa, a yi abin a bisa tsari. Angelina ta ce a'a, ita za ta je. Na raka ta. Ta durƙusa ta faɗa masa. Ya rage muryar rediyo. Sannan ya ce shi dama tun da ya ga fuskar mai furfurar nan ya san mutum ne mai hankali. Bai ce komai a kan matar ta tsakiya ba, mu ma ba mu tuna masa ba.

Ranar tafiya, a tashar mota, ana ɗaure akwatinta a bayan motar Abuja, ya kira ni gefe. Ya tambaye ni a hankali ko a filin jirgin ma akwai inda ake cewa mutum ya shiga shi kaɗai. Na ce akwai, Baba, kuma su can sojoji ne a ƙofa, ba ni ba.

Ya jinjina kai. Ya ce to, a nuna masa ƙofar tun daga nesa, shi zai tsaya da kansa kafin wani ya ce masa ya tsaya. Ya buɗe gaban mota ya zauna kusa da direba, ya ce wa Angelina ta shiga baya ta zauna ta gefen taga.