Gidan Leokadia Ba Ya Hayaƙi

Labarin da ke yawo a ƙauyenmu shi ne wai Leokadia ta haƙa rami a bayan gidanta har ta huda rufin Jahannama, ta zura bututu, tana satar wutar Shaiɗan ba ta biyan ko zloti ɗaya. Wasu sun ce idan ka kara kunne a famfon kicin ɗinta za ka ji ihun 'yan wuta. Pan Ludwik mai shago ma ya rantse ya ji muryar marigayiya surukarsa tana roƙon a rage.

Ƙarya ce, duk da dai ƙarya ce mai daɗi. Ramin ko rabin hanyar Jahannama bai kai ba. Ni Mietek ina wurin aka haƙa shi, don Leokadia 'yar kawuna ce, tun muna yawo ba wando nake tsokanarta tana bi na da tsintsiya. Rami biyu ne, faɗinsu bai wuce faranti ba, zurfinsu kuwa in ka ɗora hasumiyar cocinmu uku a kan juna za su shige. An zura bututun roba mai ɗauke da wani ruwa da ba ya daskarewa. Ruwan ya sauka, ya kwaso ɗan ɗumin da ƙasa ke ɓoyewa a cikinta rani da hunturu, ya hau ya miƙa wa wata na'ura mai kama da firji, ita kuma ta matse shi har ya yi zafi ta tura shi ƙarƙashin daɓe. Haka injiniyan da ya haɗa na'urar ya yi min bayani, na gyaɗa kai kamar na gane.

Abin da ya sa mutane suka kasa yarda shi ne Leokadia matar kwal ce. Mijinta Zenon a ramin kwal ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma shi ya gina mata murhun nan mai koren tayil a tsakiyar ɗaki, wanda ya fi wasu motocin girma. Sama da shekara arba'in tana tashi da safe ta kwashe toka, ta hura wuta, sannan ta tafi makarantar ƙauye ta dafa wa yara miya. Baƙin kwal ya zauna a layukan tafinta, ko sabulun Jamus bai fitar da shi ba. Da Zenon ya rasu, a jikin murhun take jingina bayanta ta ba shi labarin unguwa. Ya fi Zenon ɗin saurare.

'Yarsu ɗaya, Jagoda, ta tafi Norway aikin jinya, ta yi aure can, ta haifi Tosia. Yarinyar ta zo duniya da ciwon asma. Zuwansu na ƙarshe a hunturu, Tosia ta fara tari tun kafin a sauke akwatuna, aka ƙare a asibitin gari da abin numfashi a hancinta. A filin jirgi Jagoda ta riƙe hannun uwarta ta ce, "Mama, ina son gida, amma ba zan sake kawo ta cikin hayaƙin nan ba."

Leokadia ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta daɗe tana kallon murhun. Da ƙanƙara ta narke ta sayar da gonar dankalin da ke bakin rafi, ta kira masu haƙa. Sun tumɓuke mata itacen tuffa biyu don motarsu ta shiga, suka mai da lambunta taɓo, suka fasa daɓen gidan kaf. Ita kuwa tana ta soya musu nama kamar sun zo neman aurenta. Abu ɗaya ta sa a gaba: a daren jajibirin Kirsimeti, lokacin da tauraro na farko ya fito aka zauna cin abinci, Tosia tana teburin.

Sai dai ta manta da wata ɗabi'armu. A nan ba ma ƙwanƙwasa wa tsohon da ke zaune shi kaɗai ƙofa mu tambayi lafiyarsa, raini ne. Bututun hayaƙinsa muke dubawa. In ya yi hayaƙi da safe, yana raye. Ranar da sanyi ya fara sauka, Pani Bronka maƙwabciyarta ta ɗaga labule ta ga rufin Leokadia shiru. Ta sha shayi ta sake dubawa, shiru. Sai ta ɗora hannu a ka ta fito da silifas cikin ƙanƙara tana kiran Maryamu da waliyyai. Kafin ka ce me, rabin ƙauye ya hallara, 'yan kwana-kwana sun zo da gatari, mai buga ƙararrawar coci ya riga ya tofa yawu a hannu. Ni har na fara tunanin wa zai gaji keken Zenon.

Aka banke ƙofa. Ga Leokadia tsaye a kicin, ƙafa ba safa, hannu duk fulawa, tana murza ƙullin piyerogi, abincinmu na fulawa da ake cusa wa nama ko kabeji a ciki.

"Lodzia! Ba ki mutu ba?" in ji Pani Bronka, don haka muke kiran Leokadia a gida.

"Da na mutu ai ke zan fara gaya wa, Bronka, don duniya ta ji da wuri. Wa ya karya min ƙofa?"

Ɗumi na tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Kowa ya duƙa yana taɓa daɓe. Shugaban 'yan kwana-kwana ya cire takalmi ya tsaya, ya lumshe ido kamar kyanwa.

Da yamma ta kira Jagoda a waya mai hoto, ta zaga da ita ɗaki ɗaki. Ta nuna mata murhun Zenon a sanyaye da tukunyar fure a kansa, ta nuna ƙaramin gadon da ta sa kafinta ya yi wa Tosia. Jagoda ta yi dariya, ta share ido, sannan ta ce, "Mama, juya wayar waje in gani."

Leokadia ta juya. Ƙauyenmu a cikin kwari yake, in iska ta kwanta hayaƙin kowane gida sai ya taru ya zauna mana a ka kamar murfin tukunya. Ko hasumiyar coci ba a gani. Ita duk tsawon shekarar nan hayaƙin gidanta kawai take lissafi, ba ta taɓa kawo na maƙwabta a ranta ba, don mu nan ba ma ganinsa, a ciki aka haife mu. Jagoda dai ta ce za ta tambayi likita.

Da wata matar ce da ta haƙura. Leokadia ta ɗaura kallabi ta bi layinmu gida gida. Ba ta ce kowa ya haƙa rami ba, ta san aljihunmu. Cewa take, "Me za ki ƙona kwal ke kaɗai? Zo gidana ki wuni, ɗumi na nan yana lalacewa." Pani Bronka ta fara zuwa da ulu da allurar saƙa. Sai tagwayen gwauraye na bakin gada suka zo da karta. Sai tsohon malamin lissafi da kurman karensa. Cikin mako biyu gidan ya koma kamar tashar jirgin ƙasa, tsofaffi jere a ƙasa ba takalmi, ana gardamar wanda ya fi ciwon gwiwa. Ita kuwa tana dafa musu miyar kabeji, tana leƙa taga tana duba rufin gidajen da suka yi shiru. Duk wanda ya daina hayaƙi sai ta ɗauki hotonsa ta aika Norway. Ranar da iska ta taso daga tsauni ta share kwarin, ta ɗauki hoton sama har wayar ta cika.

Amsa ta zo ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Likita ya ce a bari sai bazara.

Leokadia ta ce to. Ta shiga ɗakin ƙaramin gado ta ja ƙofa, ta ɗan jima, ta fito ta ɗora ruwan wanke kifi. Ranar jajibiri ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera abinci iri goma sha biyu kamar yadda ake yi. Kowane gida yakan ajiye faranti ɗaya babu kowa a gabansa, saboda baƙon hanya. Ita uku ta ajiye, ɗaya da ƙaramin cokali. Kuma ba ta rage ɗumin ɗakin ƙaramin gadon ba, har yau ma ba ta rage ba. Ta riga ta sa injiniyan ya koya mata yadda ake juya na'urar ta sanyaya gida, wai kada zafin Yuli ya dami yarinyar da ta saba da Norway.

Jiya na leƙa na tarar tana guge zanin ƙaramin gadon, wanda ba wanda ya taɓa kwanciya a kai. Na miƙe ƙafa a daɓe, na jawo kwanon piyerogi gabana, bakina ya ƙi zama lafiya.

"Lodzia, ke kam kin yi ciniki. Kin ba da gona, kin ba da tuffa, kin kashe murhun Zenon, don jika ɗaya. Me kika samu? Tsofaffi goma da kurman kare. Ko dai ki rataya allo a ƙofa ki fara karɓar kuɗin shiga?"

Ba ta ɗago daga gugar ba.

"Ni ina da wadda nake ɗumama wa ɗaki, Mietek. Kai wa kake jira? Kana nan kana cinye min abinci, ka bar murhunka yana ci a gidan da ba kowa, ko kyanwa babu. A layin nan kaf rufinka ne kaɗai ya rage yana turnuƙe tagar jikata. Ajiye cokalin nan ka je ka kashe shi, in ka dawo ka wanke kwanon."